Rex na nan tsaye a Ankara, amma wa zai kunna majigi?

Ka tsaya a Nima ka tambayi yaro hanya, yana iya ce maka ka bi ta wajen Dunia Cinema. A tsakiyar Ankara, fadar ƙasarmu Gana, kowa ya san Opera, a Circle kuma ga Orion. Sunayen nan duk na gidajen silima ne, amma yawancin masu ambatonsu yau ba su taɓa yankan tikiti sun zauna a ciki ba. Ni kaina ban tarar da zamanin ba. Abin da na tarar shi ne hirar iyayenmu, da gine-ginen da wasu suka koma coci, wasu shaguna da ɗakunan ajiye kaya, wasu kuma aka garƙame su kawai.

Cikin gidajen da suka rage har da Rex, tsohuwar silima marar rufi, kuma an sha tayar da maganar farfaɗo da ita. A 2013 mai shirya fim Akosua Adoma Owusu ta nemi gudummawa ta intanet don a gyara wurin. A 2025 kuma fim ɗin The Eyes of Ghana, wanda Ben Proudfoot ya shirya, ya sake jawo hankalin duniya ga tsofaffin finafinan ƙasar nan da kuma Rex ɗin kanta. To, a ce gobe an shafe bango da fenti an jera kujeru, me za a haska, da wane inji, kuma wa zai tsaya a bayansa?

Yadda silima ta shiga zango

Yawancin gidajen silima na farko 'yan kasuwa ne suka riƙe su, musamman 'yan Labanan irin su iyalan Captan, da Indiyawa 'yan ƙabilar Sindi. Tun shekarun 1950 suka fara kawo finafinan Indiya, kuma babu inda suka samu karɓuwa kamar zangogi da garuruwan Arewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutanenmu sun ga mata da mayafi, sun ga kunyar surukai, auren dole, talaka da mai bin sa bashi, ga kuma kalmomi irin su duniya da kunne ya riga ya sani. Ko ba ka jin yaren, labarin ba zai ɓace maka ba.

Katie Young, mai binciken da ta yi aiki a Tamale, ta rubuta cewa an yi shekara guda ana nuna Albela na 1951 kowace Juma'a a Rex ta Kumasi, kuma gidan na cika. Mother India ya fito a 1957, shekarar da muka samu 'yanci, har yau kuma akwai tsofaffin da za su ba ka labarinsa daga farko har ƙarshe. A Tamale, inda ake da Rivoli da Victory, karin waƙoƙin Indiya ya kai har cikin waƙoƙin Maulidi. Gaskiya ba kowa ya so abin ba. Malamai da yawa sun ɗauki silima wurin lalacewar yara, kuma wasu dattawan da ke ba mu labari yau da dariya sun sha bulala a kanta.

Gwamnati ma tana da nata. Tun ƙarshen shekarun 1940 akwai sashen fim na Gold Coast, wanda ya fitar da The Boy Kumasenu a 1952, ga kuma motocin majigi masu zagaya ƙauyuka. A 1964 Kwame Nkrumah ya kafa hukumar finafinai ta ƙasa, GFIC, wadda ta riƙe gidajen kallo har da Rex ta Ankara. A irin waɗannan gidaje jama'a suka kalli I Told You So na 1970 da Love Brewed in the African Pot na Kwaw Ansah.

Aikin da ke bayan 'yan kallo

Mai kallo allo yake gani. Aikin kuwa yana can baya, a wani ɗan ɗaki mai zafi da ƙananan tagogi. Fim na wancan zamani ziri ne mai faɗin milimita 35, da huji huɗu a kowane gefen hoto, sautin kuma yana kwance a wani siririn layi kusa da hotunan. Inji na jan hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato kusan mita 27 a minti ɗaya. Fim ɗin Indiya mai awa uku ya doshi kilomita biyar ke nan, hotuna sama da 259,000. Shi ya sa ake kawo shi naɗi-naɗi cikin gwangwanaye, kowane naɗi kamar minti 20, fim ɗaya naɗi takwas ko tara.

Don kada kallo ya katse, inji biyu ake girkawa gefe da gefe. Ɗaya na gudu, mai majigi na zura naɗi na gaba a ɗayan. Idan naɗi ya kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo zai bayyana a sama ta hannun dama na allo, saura kamar daƙiƙa takwas, sai ya tayar da inji na biyu. Ɗigo na biyu na fitowa, sai ya juya haske da sauti gaba ɗaya. In ya iya, ba wanda zai lura. In ya makara, allo ya yi fari fat, sai ihu da fito daga ƙasa.

Hasken kansa aiki ne. Tsofaffin injuna ba su da ƙwan fitila, sanduna biyu na kabon ne wutar lantarki ke tsallakawa a tsakaninsu. Sandunan na cinyewa, dole a riƙa lura da tazararsu, a canza su tsakanin naɗi da naɗi, hayaƙin kuma a fitar da shi ta bututu. Daga baya ƙwan zenon ya maye gurbinsu. Zafin ya kai in fim ya tsaya cak a gaban fitila, nan take hoton zai narke 'yan kallo na gani. In ziri ya tsinke, sai a yanke, a kankare baki, a liƙe da gam na musamman. Kowane liƙi na cin hoto ɗaya ko biyu, shi ya sa fim ɗin da ya zaga garuruwa da yawa yake tsalle-tsalle.

Wannan sana'a a gindin inji ake koyonta, yaro na share ɗaki yana mayar da naɗi baya har a yarda ya taɓa inji. Waɗanda suka iya ta a ƙasar nan yau tsofaffi ne, kuma an daɗe rabon da su ɗauki yaran koyo.

Abin da ya kashe fitilar

Matsin tattalin arziki na ƙarshen shekarun 1970 ya sa kuɗin waje na sayo finafinai da kayan gyara ya yi wuya. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare, ta yi sama da shekara biyu. Silima marar rufi kuwa sai duhu ya yi take aiki. Kafin gidajen su farfaɗo, bidiyo ya iso. A 1987 William Akuffo ya fitar da Zinabu da kyamarar bidiyo, ya nuna cewa ana iya cika gida ba tare da tsadar zirin fim ba. Ɗakunan kallon bidiyo suka bazu a unguwanni, da tallansu da ake zanawa da hannu a kan buhunan fulawa.

A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin ɗari na GFIC ga wani kamfanin Maleshiya, daga nan aka samu tashar TV3. Da Silverbird ta buɗe a Accra Mall a 2008, wata irin silima ce daban, mai sanyin na'ura da farashin da ba na kowa ba. A duniya ma, wajen 2013 zuwa 2014 manyan kamfanoni suka fara daina raba finafinai a ziri, suka koma fayil na kwamfuta.

Fim ma yana ruɓewa

Kafin wajen 1951, ana yin zirin fim da naitiret, wanda ke kama wuta da sauƙi, kuma in ya kama ruwa ba ya kashe shi. Wanda ya gaje shi, asitet, ba ya ci da wuta haka, amma yana da tasa cutar. Zafi da danshi na sa ya fara warin tsami, ya motse, ya lanƙwashe, har hujinsa ya daina shiga haƙoran inji. Gwangwani ɗaya da ya kamu yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Masu launi kuma sukan koɗe su koma ja-ja. Maganin shi ne ɗaki mai sanyi marar danshi dare da rana, abin da iskar bakin teku da ɗauke-ɗauken wutarmu ba sa bayarwa.

Mun riga mun yi asara. Gobarar 1989 a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, GBC, ta ci ma'ajiyar sauti da hotuna. Anita Afonu ta yi fim mai suna Perished Diamonds a kan halin da gwangwanayen GFIC suka shiga. Abin da ya tsira, da yawansa ya tsira ne don ba a nan yake ba. A zamanin Nkrumah Landan ake kai fim a wanke, sai dodon hoton ya zauna can. Bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 an lalata finafinan Nkrumah a gida, amma na Landan suka rage. Chris Hesse, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar Nkrumah da kyamara, ya daɗe yana fafutukar a ceto naɗi sama da 1,300 da ke can, a juye su zuwa kwamfuta.

Lissafin mai gidan silima

Wanda zai riƙe gida irin Rex yau, hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ita ce nuna ainihin zirin. Ma'ajiyoyin finafinai na duniya kan ba da aro, amma da sharaɗi: inji biyu masu lafiya, ƙwararren mai majigi, kuma ba a yanke musu fim don a haɗe naɗi. Ga kuɗin jirgi da inshora, ga kayan gyaran da sai dai a ciro daga wani mataccen inji. A Bolonya ta Italiya, bikin Il Cinema Ritrovato na nuna tsofaffin finafinai a fili kowace shekara, wani lokaci har da fitilar kabon, amma akwai babbar ma'ajiya da ɗakin gyaran fim a bayansa.

Hanya ta biyu ita ce fim ɗin da aka gyara aka juye zuwa fayil. Ta fi sauƙi, kuma ƙofarta a buɗe take. A 2017 gidauniyar fim ta Martin Scorsese da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka, FEPACI, da UNESCO suka ƙaddamar da shirin gyara tsofaffin finafinan Afirka 50. Sai dai ko fim ya tsufa yana da mai shi, dole a nemi izini a biya. A haɗa da man janareta, da dararen da ruwan Mayu da Yuni zai cinye, tunda gidan ba rufi.

Maƙwabta sun bi ta nan. A Kamaru, gidaje uku na ƙarshe, Abbia da Wouri da Empire, sun rufe a farkon 2009. A Chadi kuwa gwamnati ta sa kuɗi aka sake buɗe Normandie ta Njamena a 2011, bayan Mahamat-Saleh Haroun ya ci kyauta a bikin Cannes na 2010. Bikin buɗewa dare ɗaya ne. Abin da ke riƙe gida shi ne mutane su san cewa rana kaza, ƙarfe kaza, akwai fim, kamar yadda 'yan Kumasi suka san Juma'arsu ta Albela.

Namu kason

A aji, idan na zo kan 6 ga Maris 1957, hoto ɗaya ne a littafi: Nkrumah da abokansa a kan dandamali, sanye da rigunan Arewa. Yaran na kallonsa kamar labarin wata ƙasa. Alhali akwai hotuna masu motsi na waɗannan shekaru, da taron jama'a da kasuwanni, kuma ba mamaki kakannin wasunsu na ciki. In an juye su, ya kamata makarantun zango su kasance cikin masu fara nema. Farin bango, majigin zamani da lasifika sun isa a yi dare ɗaya a wata bayan Isha'i, maza gefe mata gefe, iyaye na nan.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. In akwai dattijo a unguwarku da ya yi aikin majigi, ko ya yanki tikiti a ƙofa, ku je ku gaishe shi, ku nemi izini ku ɗauki hirarsa da waya: wane inji ya riƙe, wa ya koya masa, wane fim ya fi cika gida. In kuma kun tarar da gwangwanin fim a ɗakin ajiya, kar ku zubar, kar ku warware shi, kar ku gwada sa shi a inji. Ku nisanta shi da rana da murhu, ku ware mai warin tsami daga sauran, ku kwafe abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan ku tuntuɓi makarantar koyon fim da talabijin da ke Ankara, wadda aka kafa a 1978 da sunan NAFTI, don masana su duba.