Zaɓen Irin Ɓaure da Ya Dace da Yanayi: Misali Daga Kudancin Amurka

1.0 Gabatarwa

Ɓaure yana daga cikin itatuwan da ɗan Adam ya daɗe yana nomawa. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne ɓauren lambu, wanda asalinsa yammacin Asiya ne da ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum. Danginsu ɗaya da ɓauren da ke fitowa a fadamun ƙasar Hausa, amma jinsinsu daban. Turawan Sifen ne suka kai shi nahiyar Amurka a ƙarni na 16. A wannan darasi za a duba yadda manoman kudu maso gabashin Amurka, wato jihohi irin su Luwiziyana da Jojiya da Fulorida, ke zaɓen irin da za su dasa. Muhimmancin zaɓen a fili yake, domin wanda ya dasa irin da bai dace ba sai ya yi shekaru yana wahala kafin ya gane hasarar da ya tafka.

2.0 Yanayin Yankin

Hunturun wannan yanki ba shi da tsanani, ko da yake a wasu shekaru sanyi kan sauko farat ɗaya ya ƙone rassan itatuwa. Lokacin zafi kuwa yana zuwa da ruwan sama da laima mai yawa, daidai lokacin da 'ya'yan ɓaure ke nuna. Wannan ya saɓa wa yanayin Bahar Rum da na Kalifoniya, inda ɓaure ke nuna cikin busasshiyar iska. Saboda haka irin da ya yi albarka a can yana iya lalacewa a nan.

3.0 Rabe-raben Ɓaure

Masana sun kasa ɓauren lambu gida huɗu dangane da buƙatarsa ta barbara:

(a) Gama-gari: yana yin 'ya'ya su nuna ba tare da barbara ba.
(b) Smyrna: 'ya'yansa na zubewa tun suna ɗanye idan ba a yi masa barbara ba.
(c) San Pedro: zubin farko ba ya buƙatar barbara, amma na biyu yana buƙata.
(d) Caprifig: ba a cin sa, amfaninsa shi ne samar da ƙurar barbara.

Wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro ne ke ɗaukar ƙurar ya shiga da ita cikin ɗan ɓaure. Duk wanda ya taɓa fasa ɓauren fadama ya ga 'yan'uwan wannan ƙwaro a ciki. A shekarar 1899 aka yi nasarar kafa shi a Kalifoniya, amma babu shi a kudu maso gabas. Don haka rukunin gama-gari ne kaɗai ya dace da yankin.

4.0 Abubuwan Lura Wajen Zaɓe

Abu na farko shi ne idon ɓaure, wato 'yar ƙofar da ke ƙasan kowane ɗa. Idan idon a buɗe yake, ruwa da ƙwari kan shiga, sai ɗan ya yi tsami ko ya tsage. A wuri mai laima an fi son mai rufaffen ido. Na biyu shi ne jure sanyi, da kuma iya yin 'ya'ya a sababbin rassa bayan sanyi ya kashe tsofaffin. Na uku shi ne jure wasu ƙananan tsutsotsi da ke kumbura saiwa, musamman a ƙasa mai rairayi. Na huɗu shi ne manufar manomi: ci ɗanye ko dafawa da sukari don ajiya.

5.0 Fitattun Ire-ire

Celeste ya fi kowane iri yaɗuwa a yankin. 'Ya'yansa ƙanana ne masu zaƙi, idonsu a rufe, ga shi da jure sanyi. Aibinsa shi ne zubar da 'ya'ya idan fari ya matsa masa. Brown Turkey ya fi shi girman 'ya'ya, kuma yakan haihu a shekarar da ya sake tohowa bayan sanyi, sai dai idonsa ya ɗan buɗe. Alma, wanda Jami'ar Texas A&M ta fitar, yana nuna a makare, kuma wani ruwa mai kama da zuma kan toshe idonsa, amma ba ya son sanyi. Jami'ar Jihar Luwiziyana ta fara aikin haɗa iri tun shekarun 1950, kuma a 1991 ta fitar da LSU Purple domin wurare masu laima. Calimyrna kuwa, da yake ɗan rukunin Smyrna ne, dasa shi a yankin aikin banza ne.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa babu irin ɓauren da ya fi kowane a ko'ina. Yanayin wuri ne ke nuna wanda ya dace. Malami zai iya amfani da wannan misali ya jawo hankalin ɗalibansa su binciki dalilin da ya sa wani irin mangwaro ko gero ke yin kyau a garinsu, ya ƙi yi a wani gari.