Wace Farfela Ta Dace da Jirgin Masunci?

A Yawuri da Tafkin Chadi, injin Yamaha ke tura jiragen masunta da dama, amma gudu da shan mai sun dogara da farfela. Abin dubawa na farko shi ne karkatar fikafikanta, wadda ake aunawa da inci. Mai ƙaramar lamba ta fi jan kaya, mai babbar lamba kuwa ta fi dacewa da jirgin alminiyam marar nauyi. Ƙarin inci ɗaya kan rage juyin inji da kusan 200 a minti, don haka in inji na nishi da lodi, a rage lamba. Abin dubawa na biyu shi ne ƙarfen da aka ƙera ta da shi: farfelar alminiyam tana da araha, kuma in ta daki dutse ita ke lanƙwashewa, giyar inji ta tsira.