Volkswagen Golf

Volkswagen Golf ƙaramar mota ce da kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus yake ƙerawa tun daga shekarar 1974. Tana cikin rukunin motocin da but ɗinsu yake haɗe da ɗakin fasinja, masu ƙofa a baya wadda ake ɗagawa sama tare da gilashinta, waɗanda ake kira hatchback a Turance. An ƙera sama da miliyan 35 daga cikinta, kuma ita ce motar da kamfanin ya fi sayarwa a tarihinsa. Daga cikin masu sayenta akwai iyalai da ke neman mota guda da za ta kai su wurin aiki, makaranta da kasuwa.

Tarihi

A farkon shekarun 1970 kasuwar motar Beetle, wadda Volkswagen ya daɗe yana dogaro da ita, ta fara ja da baya. Injin Beetle a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, kuma wurin kayanta ƙarami ne. Kamfanin ya ba Giorgetto Giugiaro, ɗan ƙasar Italiya, aikin zana wadda za ta gaje ta. An fara ƙera Golf a masana'antar Wolfsburg a 1974, da inji a gaba wanda ruwa ke sanyayawa, tayoyin gaba kuma su ne ke jan motar. A 1976 aka ƙara mai amfani da dizal da kuma GTI mai gudu.

Samfuri na biyu ya fito a 1983, na uku a 1991, na huɗu a 1997, na biyar a 2003, na shida a 2008, na bakwai a 2012, na takwas a 2019. A Amurka an sayar da ta farko da sunan Rabbit, a Afirka ta Kudu kuma an ci gaba da ƙera ta da sunan Citi Golf har zuwa 2009. A 2002 adadin Golf ya zarce na Beetle. Ta lashe kyautar Motar Shekara ta Turai sau biyu, a 1992 da 2013, ta kuma shafe shekaru tana kan gaba a cinikin motoci a nahiyar kafin Peugeot 208 ta sha gabanta a 2022.

Tsarin motar

Abin da ya sa ƙaramar mota irin wannan take iya ɗaukar iyali shi ne yadda aka raba wuri a cikinta. An kwantar da injin a gicciye tsakanin tayoyin gaba, don haka bai ci wuri da yawa ba, ragowar tsawon ya koma ga fasinja da kaya. Golf ta farko mita 3.7 ce kacal, ta uku kimanin mita 4, ta bakwai kuma kimanin mita 4.25.

Ƙofar baya ita ce babban bambancinta da motar salun. Bakin but ɗin salun ƙarami ne, shi ya sa kaya mai tsayi ko faɗi ba ya shiga ko da akwai wuri a ciki. A Golf kuwa ana buɗe bayan gaba ɗaya, a kuma kwantar da kujerun baya. But ɗin samfuri na bakwai yana ɗaukar lita 380, idan an kwantar da kujerun ya kai lita 1,270.

A matsayin motar iyali

Golf kujera biyar gare ta, har da ta direba. Ta wadatar da miji da mata da yara biyu ko uku wajen zirga-zirgar yau da kullum. Ƙanƙantarta na sauƙaƙa ajiye ta da juyawa a lungu ko cikin cunkoso, kuma masu ƙananan injuna ba su kai manyan motoci shan mai ba. Ta fuskar kariya, a samfuri na uku aka fara sa jakar iska mai kare mutum lokacin karo, a na huɗu kuma aka fara sa maƙalan ISOFIX na ɗaure kujerar jariri a jikin motar.

Sai dai tana da iyaka. Wurin kaya da wurin zama ɗaya ne: idan an kwantar da kujeru don ɗaukar kaya mai yawa, mutum biyu kaɗai za su zauna, idan mutum biyar sun zauna, but ɗin ba zai ɗauki jakunkunan doguwar tafiya duka ba. Kujerar tsakiya ta baya matsattsiya ce ga babban mutum. Kayan da aka tula suka wuce saman kujera kan rufe wa direba gilashin baya, kuma suna iya faɗowa kan fasinja idan an taka birki da ƙarfi. Ga masu bukatar ƙarin wuri, kamfanin ya fitar da mai dogon baya, Variant, a 1993.

A Najeriya

Yawancin Golf ɗin da ke Najeriya tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Turai, aka shigo da su ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano. Samfuri na uku ya fi yaɗuwa a Arewa, a hannun magidanta da direbobin haya, saboda makanikai sun san injinsa kuma kayan gyaransa na samuwa a kasuwa. Tashin farashin fetur bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ya ƙara sa masu mota duba yawan man da inji ke sha.

Matsalolin da aka fi fuskanta sun haɗa da zafin inji idan lagireto ko fanka ta samu matsala, da lalacewar ƙafafun motar a hanyoyi masu ramuka, kasancewar cikinta kusa yake da ƙasa. Direbobin haya da dama kan ɗauki mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ga kaya an ɗaure a but a buɗe. Wannan lodi ya wuce abin da aka ƙera birki da tayoyinta su ɗauka, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana hukunta masu yin sa.