Oxbryta: Maganin Sikilar da Ya Ƙare a Gaban Alƙali

Ranar 25 ga Satumbar 2024 kamfanin Pfizer ya janye maganin Oxbryta daga kasuwannin duniya baki ɗaya, ya kuma tsayar da duk gwajin da ake yi da shi. Ya ce bayanan da suka taru sun nuna amfaninsa bai rinjayi haɗarinsa ba. Lokacin bai cika shekara biyar da samun izini ba, domin a Nuwambar 2019 hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi.

Ni da na yi jinyar ƙanina mai amosanin jini, na san abin da iyaye ke roƙo: yaro ya kwana ba ya ihu saboda ƙashi, ido ya daina yin rawaya, a rage zaryar ƙarin jini. Oxbryta ya zo da alƙawari mai kama da wannan. Yana maƙalewa a jikin sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya hana su lanƙwashewa kamar lauje su fashe. A gwajin da aka yi wa mutum 274, kusan rabin waɗanda suka sha cikakken adadi jininsu ya ƙaru, alhali a cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba magani a ciki, bakwai ne kacal cikin ɗari.

A nan gizo ke saƙar. An ba shi izinin gaggawa ne saboda lambar jini ta tashi a takardar gwaji, ba don an tabbatar tashin ciwo ya ragu ba. Ga mai sikila kuwa, ciwon shi ne magana. Duk da haka an riƙa sayar da shi wajen dala 125,000 a shekara, kuma a 2022 Pfizer ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro shi, Global Blood Therapeutics, kan dala biliyan 5.4.

Bayan janyewar, marasa lafiya da dangin waɗanda suka rasu suka garzaya kotu, musamman a jihar Kalifoniya. Zarginsu shi ne kamfanonin sun sani, ko ya kamata su sani, cewa maganin na iya ƙara toshewar jijiyoyin jini, amma ba su gargaɗi likitoci da masu sha ba. Shari'ar ba mai sauƙi ba ce. Toshewar jijiya, shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda duk aikin cutar ne tun asali, don haka sai mai ƙara ya kawo takardun asibiti da shaidar ƙwararru ya nuna maganin ne ya tsananta masa.

Abin da ya fi ci mini rai yana cikin bayanin hukumar magunguna ta Turai. A wani gwaji kan yara 236 masu haɗarin shanyewar jiki, takwas sun rasu cikin masu shan maganin, biyu a ɗaya ɓangaren. Najeriya da Ghana na cikin ƙasashen da aka ɗebi yaran, kuma an ambaci zazzaɓin cizon sauro cikin abubuwan da suka haɗu da wasu mace-macen. Mu Kanawa ba mu manta da gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, wanda sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75.

Ban ce a guji gwajin magani ba. Najeriya, ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara, ba ta da wannan zaɓin. Amma iyaye, kafin ku sa hannu a takardar yarda, ku sa a karanta muku ita da Hausa, ku tambayi wa zai ɗauki nauyin jinya da diyya in abu ya ɓaci, ku kuma riƙe kwafinku a gida.