Master of Orion: Abin da ya sa wasan kwamfuta na 1996 ya gagari magadansa

A watan Yulin 2013, lokacin da aka yi gwanjon kadarorin kamfanin Atari a Amurka bayan bashi ya durƙusar da shi, kamfanin Wargaming, mai wasan tankokin yaƙi na World of Tanks, ya sayi haƙƙin mallakar sunan Master of Orion. A lokacin, shekara goma ke nan rabon da a fitar da sabon wasa da wannan suna, kuma na ƙarshen da aka fitar bai yi farin jini ba. Abin da Wargaming ya zuba kuɗinsa a kai shi ne ƙaunar da masu wasa ke yi wa fitowa biyu na farko, ta 1993 da ta 1996, waɗanda har yau ake musu a kan wadda ta fi.

Master of Orion wasan dabarun mulki ne da ake yi a kwamfuta. Mai wasa yana zama shugaban wata al'umma a sararin samaniya, ya fara da duniya ɗaya da 'yan jirage kaɗan, sannan ya yi ta faɗaɗa daularsa daga tauraro zuwa tauraro. Ana yin sa ne bi da bi, kamar dara: mutum ya yanke shawarwarinsa, ya miƙa wa kwamfuta ta yi nata, sannan zagaye ya dawo kansa. Babu gaggawa, babu saurin yatsa. Abin da ake gwadawa shi ne hangen nesa.

Wani ƙaramin kamfani mai suna SimTex da ke Austin a jihar Texas ne ya ƙirƙiro wasan, ƙarƙashin Steve Barcia, kamfanin MicroProse kuma ya buga shi a 1993, shekara biyu bayan ya fitar da Civilization na Sid Meier. A wannan shekarar ne marubuci Alan Emrich, yana gabatar da wasan a mujallar Computer Gaming World, ya taƙaita shi da kalmomin Turanci huɗu masu ɗauke da harafin X, waɗanda ma'anarsu ita ce leƙo sababbin wurare, faɗaɗa ƙasa, cin moriyar albarkatu, da kawar da abokan gaba. Daga nan aka samo laƙabin 4X, wanda ya zama sunan wannan rukunin wasanni baki ɗaya.

Wasan farko ya zo a ƙananan faifai na zamanin DOS, hotonsa kuma ɗigo 320 ne a faɗi da 200 a tsaye. Amma ƙarfinsa yana cikin abin da ya hana mai wasa yi. Kowane tauraro duniya ɗaya tak yake da ita da za a zauna. Ba a gina gidaje ɗaya bayan ɗaya. Kowace duniya tana da ma'auni biyar da ake ja hagu ko dama don raba kuɗin shigarta tsakanin ƙera jirage, tsaro, masana'antu, tsabtace muhalli da binciken kimiyya. Idan aka cika masana'antu aka yi sakaci da muhalli, dattin da suke fitarwa zai rage yawan jama'ar da duniyar za ta iya ɗauka. Jiragen yaƙi kuwa, samfuri shida kawai ake iya riƙewa a lokaci guda. Wanda ya so na bakwai dole ya rushe ɗaya daga cikin tsofaffin, tare da duk jiragen da aka ƙera a kansa.

Akwai kuma wata dabara da ba a cika ganin irinta ba. Fannonin bincike shida ne, amma a kowane sabon wasa kwamfuta tana ɓoye wani kaso na fasahohin, ta yadda wata al'umma ba za ta taɓa gano su da kanta ba. Mai wasa zai iya wayar gari ba shi da injin da zai kai jiragensa nesa, alhali maƙwabcinsa yana da shi. Sai dai ya yi musaya, ko ya tura 'yan leƙen asiri su sato, ko ya ci duniyar maƙwabcin da yaƙi ya kwashi ganima. Wannan ya sa tsarin da ya yi aiki jiya ba lallai ya yi aiki yau ba, kuma shi ne babban dalilin da masoya wasan farko ke bayarwa idan aka ce musu ya tsufa.

Al'ummomi goma ne a cikinsa, kowace da baiwarta. Psilon sun fi kowa bincike, Klackon sun fi kowa aiki, Darlok gwanayen leƙen asiri ne, Silicoid kuwa halittun dutse ne da datti ba ya damun su amma ba sa saurin yaɗuwa. 'Yan Adam an ba su iya ciniki da diflomasiyya, abin da ke da amfani domin ba da yaƙi kaɗai ake cin wasan ba: akwai majalisar taurari da ke zama lokaci zuwa lokaci, kuma wanda ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u ya zama shugaban kowa.

Da fitowa ta biyu ta zo a 1996, mai suna Master of Orion II: Battle at Antares, SimTex ya buɗe kusan duk ƙofofin da ya rufe a baya. Tauraro ɗaya zai iya samun duniyoyi har biyar. Jama'a sun zama 'yan siffofi da ake ɗauka a ajiye a gona, ko masana'anta, ko ɗakin bincike. Abinci ya zama lamari: duniyar da ba ta noma sai an yi mata jigila da jiragen dakon kaya, kuma idan maƙiyi ya tare hanya yunwa ta shiga. An kawo gine-gine, an kawo gwamnoni da kwamandoji da ake ɗauka haya, al'ummomi sun ƙaru zuwa 13, sannan aka ba mai wasa damar ƙera tasa al'ummar ta hanyar sayen baiwa da karɓar naƙasa a madadinta. An kuma ƙara wasu mahara, Antaran, da ke ɓullowa daga wata duniya ta daban su kai farmaki su ɓace, kuma cin garinsu hanya ce ta uku ta lashe wasan. Da yawa daga cikin waɗannan sababbin abubuwa an ɗauko su ne daga Master of Magic, wasan da kamfanin ya fitar a 1994.

Abin lura shi ne, duk da wannan ƙari, masu tsara wasan ba su saki linzami ba. Taswira mafi girma a wasan farko taurari 108 ce. A na biyu sun rage ta zuwa 72, ga shi kuma kowane tauraro yanzu ya ninka aiki. A fagen bincike ma sun riƙe ƙa'idar rashi, sai dai sun sauya mata kama. A mafi yawan matakai ana nuna wa mai wasa fasaha biyu ko uku, a ce ya zaɓi ɗaya, sauran kuma sun wuce shi ke nan sai ta hanyar sata ko musaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma mai wasa yana jin zafin abin da ya bari. Al'ummar da aka ba baiwar ƙirƙira ce kaɗai ke samun duka, shi ya sa baiwar take da tsada, har masu wasa da juna kan yi gardama a kanta.

Wasan na biyu yana da aibinsa, kuma masoyansa ba sa musun haka. Farkonsa da tsakiyarsa suna da daɗi matuƙa, amma idan daula ta kai duniyoyi talatin ko arba'in, zagaye ɗaya yakan koma aikin magatakarda: a buɗe wannan duniya a jera mata gine-gine, a buɗe waccan a maimaita. Yaƙin da ake sarrafa kowane jirgi ɗaya bayan ɗaya, wanda ke burgewa idan jirage biyar ne, yana cin lokaci idan sun kai hamsin. A wannan gaɓar wasan 1993 ya fi shi, domin ma'auninsa biyar ba sa ƙara nauyi komai girman daula. Duk da haka, na 1996 ne ya zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi, domin ya ba duniyoyi da jirage fuska, ya sa mai wasa ya san su ɗaya bayan ɗaya.

An rufe SimTex a 1997. MicroProse ya koma hannun Hasbro a 1998, daga nan ya faɗa hannun Infogrames na Faransa a 2001, kamfanin da daga baya ya ɗauki sunan Atari. Saboda haka fitowa ta uku ba waɗanda suka haifi wasan ne suka yi ta ba. An ba kamfanin Quicksilver Software aikin, kuma Alan Emrich, wanda ya raɗa wa rukunin suna, yana cikin masu tsara shi a farko.

Quicksilver ya gano matsalar daidai: aiki ya yi wa mai wasa yawa. Maganin da ya kawo ne ya zama cuta. Maimakon a rage abubuwan da ke cikin wasan, sai aka ƙara su ninki, sannan aka naɗa wa kowace duniya wakili na kwamfuta da zai tafiyar da ita a madadin mai wasa. Tunanin shi ne mutum ya zama sarki mai ba da umarni daga sama, hakimai su aiwatar. A tsarin farko har an ware wasu maki da za su iyakance yawan umarnin da sarki zai bayar a zagaye ɗaya, amma an cire wannan kafin a kammala, Emrich kuma ya bar aikin kafin wasan ya fito a watan Fabrairun 2003.

Abin da ya isa hannun masu saye shi ne wasa mai zurfin lissafi wanda ba ya bayyana kansa. Shafuka ne a cikin shafuka, cike da alƙaluma, har masu sharhi suka riƙa kwatanta shi da takardar lissafin akanta. Mai wasa zai ba da umarni, wakilin kwamfuta ya yi wani abu dabam, kuma babu inda za a duba a ga dalili. Wasu sun lura cewa mutum zai iya yin ta danna maɓallin wuce zagaye kawai, daular ta ci gaba da bunƙasa ba tare da shi ba. Yaƙi ya daina zama bi da bi, ya koma mai gudana kai tsaye, jiragen kuma sun zama 'yan ɗigo a allo. Wasan 1993 ya rage wa mai wasa aiki amma ya bar masa hukunci. Na 2003 ya karɓe hukuncin ya bar masa takardu. Wata guda bayan fitowarsa, kamfanin Stardock ya fitar da Galactic Civilizations, wanda ya fi sauƙin fahimta, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi shekaru suna jira suka koma can.

Shekarar 2003 ba Master of Orion kaɗai ta tsayar ba. Homeworld, wanda kamfanin Relic na Vancouver a Kanada ya fitar a 1999, wasan yaƙin sararin samaniya ne mai gudana kai tsaye, inda jirage ke tafiya sama da ƙasa, ba hagu da dama kawai ba, kuma rundunar da ta tsira a wani mataki ita ake shiga mataki na gaba da ita. Homeworld 2 ya fi shi kyan gani, ya kuma haɗa ƙananan jirage rukuni-rukuni don sauƙaƙa sarrafa su, amma ya sha suka saboda yadda rundunar maƙiyi ke ƙaruwa daidai da girman ta mai wasa, abin da ya sa tattalin jirage ya zama kamar laifi. Shi ma sunansa ya ƙare a gwanjo a 2013, inda Gearbox ya saye shi bayan rushewar THQ, kuma Homeworld 3 bai fito ba sai a 2024.

Wargaming ya miƙa aikin farfaɗo da Master of Orion ga kamfanin NGD Studios na ƙasar Ajantina, sabon wasan kuma ya fito a watan Agustan 2016. An kashe kuɗi a kan kwalliya: an dawo da al'ummomi goma na asali, aka ɗauko fitattun 'yan fim irin su Mark Hamill da Michael Dorn suka sa muryoyinsu a cikin wasan. Wasan ya fi na 2003 nesa ba kusa ba, kuma sabon shiga zai fahimce shi cikin awa ɗaya. Sai dai ya riƙe abubuwa biyu da tsofaffin 'yan wasa ba su so: yaƙi mai gudana kai tsaye, da tilasta wa jirage bin ƙayyadaddun hanyoyi tsakanin taurari, alhali a wasanni biyu na farko jirgi yana zuwa duk inda mansa zai kai shi. Ya kuma yi rashin sa'ar lokaci, domin a watan Mayun wannan shekarar kamfanin Paradox na Suwidin ya riga ya fitar da Stellaris, wanda ya janye hankalin masu son irin waɗannan wasanni, kuma har yanzu ana yi masa ƙari.

Tsofaffin kuwa ba su mutu ba. Ana sayar da na 1993 da na 1996 a kasuwannin intanet na GOG da Steam, haɗe da manhajar DOSBox da ke sa su gudana a kwamfutar zamani. Ba sa buƙatar na'ura mai ƙarfi ko data mai yawa, kuma ana iya yin su ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ga mai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Masoya wasan na biyu sun daɗe suna fitar da gyara nasu na sa-kai, mai lamba 1.50, wanda ya toshe kurakuran da kamfanin ya bari tun da aka rufe shi. Na farkon kuma wani mai tsara manhaja, Ray Fowler, ya sake gina shi da sabon hoto da suna Remnants of the Precursors, ya raba shi kyauta, kuma ma'aunin nan biyar na 1993 yana nan a cikinsa yadda yake.