Ruwan gishiri da sukari: me ya sa muke raina shi?

Damina na kankama, labarin amai da gudawa ya dawo, tsohuwar gardama ma ta dawo. Uwa ta kai yaro asibiti, a miƙa mata ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, ta fito ranta a ɓace: "Ko ƙarin ruwa ba su yi masa ba." A wurin mutanenmu, in ba a soka allura a jijiya ba, ba a yi magani ba. Wannan rainin yana damuna, domin rayuka yake ci.

Bangon hanji ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace a lulluɓe da tantani mai maiƙo. Gishiri ba ya ratsa wannan tantani sai ta ƙofa. Ruwa kuwa bin gishiri yake yi. Duk matar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga yadda take tsattsafo da ruwa. Gubar kwalara tana sa ƙwayoyin nan su riƙa zubar da gishiri cikin hanji, ruwan jiki ya bi shi, mutum ya tsiyaye cikin 'yan awanni.

Sai dai akwai ƙofa guda da gubar ba ta lalatawa. Wani masanin Amurka, Robert Crane, ya bayyana ta a 1960. Ƙofar kamar motar tasha take, ba ta tashi sai ta cika: fasinjojinta sodiyam biyu, wato sinadarin gishiri, da gulukos ɗaya, wato sukari. Gishiri kaɗai ya zo, sai ya yi ta zaman jira. Kamar maigadin da aka ce kada ya buɗe wa baƙo sai tare da ɗan gida. Da sun shiga tare, ruwa ya rufa musu baya zuwa cikin jini.

Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin ORS. Sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa bai kai ba, sai sukarin ya taru a hanji ya janyo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru. Awo shi ne maganin: ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba rabin kofi ba don wai ya fi ƙarfi.

A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan leda na jijiya ya ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama wannan haɗin a durom, dangi suka riƙa shayar da majinyata. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Mu kuwa a 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. Da hukumomi sun cika kowane ɗakin shan magani na ƙauye da ƙullin nan kafin ruwan farko, da sauƙin ya fi haka.

Ƙwayoyin bangon hanji suna rabuwa biyu-biyu, su sabunta shi cikin kwanaki kaɗan. Zinc yana taimaka wa wannan gyara, shi ya sa ake ba yaro na kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Wanda idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko yake amayar da komai, shi ne mai buƙatar ƙarin ruwa, a garzaya da shi asibiti, ana ba shi kurɓi-kurɓi a hanya in yana iya haɗiyewa.