KEKE DA INJIN LANTARKI: A DUBA KAFIN A SAYA

Dattawan Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su manta da Solex ba, keken nan na Faransa mai ɗan inji bisa ƙafar gaba, wanda aka fara sayarwa a shekarar 1946. Shi isanshi yake sha. Yau dabarar ta dawo da sabuwar riga: ana ɗaura wa keke na gida ƙaramin injin lantarki da batir, ya taimaki mai tuƙi wajen hawan tudu da ɗaukar kaya. Ga malamin lakkol, ko manomin rani mai kai salati kasuwa, wannan sauƙi ne babba. Amma wanda ya saya da ka, yana iya zubar da kuɗin guminsa.

Injinan iri uku ne. Na farko yana zaune cikin cibiyar ƙafar keke. Shi ya fi sauƙin ɗaurawa, nauyinsa kilo 2 zuwa 3. Na biyu ana ɗaura shi wajen feda, yana jan sarƙa. Ya fi ƙarfi a tudu, sai dai yana saurin cinye sarƙar. Na uku yana gogar taya kamar na Solex. Ya fi sauran rashin nauyi, amma yana cin taya, kuma yana sulɓi in ta jiƙe. Saboda haka bai dace da hanyar ƙauye da damina ba.

Game da ƙarfi, dokar Tarayyar Turai ta tsaida wat 250, kuma injin ya daina taimako da an kai gudun kilomita 25 a awa. Wannan ma'auni ya ishi keke, domin burkinsa da ƙarafunansa ba a ƙera su don gudun babur ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Batir kuwa shi ne ran inji, shi ne kuma ya fi tsada. Yawanci na litiyom ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Lissafinsa ba wuya: a ninka bolt da amfiya-awa. Bolt 36 sau 10 ya ba da 360, wato abin da injin wat 250 zai shanye cikin kusan awa ɗaya da rabi in ya yi aiki da dukan ƙarfinsa. Mai taka feda yana tsawaita tafiyarsa.

Zafi abokin gabar batir ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, wajibi ne a aje shi a inuwa, a bar shi ya huce kafin a sa masa wuta, kuma da cajarsa ta asali. Batir na jabu, ko wanda ya kumbura, yana iya kama wuta, ya ƙone ɗaki da mutanen ciki. Kada a bar shi bisa caji a kwanta barci.

Kafin a biya kuɗi, sai a kai keken wurin mai gyara, ya duba burki da girman ƙafa, a kuma tabbata ana samun kayan canji a gari. Araha ba ta ado, rigakafi kuma ya fi magani.